Karen Jaji Bai Kalli Kututture Ba

Furera ta koyi karatun boko ne da taurin kai. Lokacin da aka buɗe ajin manya a Birnin Gwari, a zamanin Turawa, maza ne zalla a cikinsa, suna zama a wata rumfa bayan kasuwa in an yi la'asar. Ita kuwa bazawara ce mai sayar da zuma, kuma inda take kasa kayanta yana daf da rumfar. Tana jin su kullum suna ta ba, bi, bu, har ta riga rabinsu haddacewa. Ran nan sai ta ɗauki tabarmarta ta shimfiɗa a bakin rumfar. Malam Salmanu mai koyarwa ya ce mata ajin na maza ne. Ta ce ai ba a cikin ajin take ba, a bakinsa take. Ya ƙyale ta, a zatonsa kwana biyu za ta gaji.

Wata takwas ba ta yi fashi ba. Har Malam Salmanu da kansa ya ce mata in ta ci jarrabawa a gaban Baturen ilimi ta sami takardar shaida, za a ba ta izinin koyar da matan aure a cikin gidajensu. Wannan magana ta shiga ranta ƙwarai, har ta yi wa wasu matan unguwarsu alkawarin za ta koya musu.

Ubanta shi ne Jaji maharbi. Idonsa ya tafi shekara uku ke nan, ƙafa ta yi nauyi, bindigarsa tana rataye a zaure tana tara ƙura. Abin da ya rage masa a duniya sunansa ne. Daga Gayam har Kuyello, in ana maganar farauta, sai an ce Jaji bai taɓa ɓarnar albarushi ba: in ya ɗaga bindiga, to a kawo wuƙa. Yana kuma da labari guda wanda ba ya bayarwa sai ya yarda da mutum.

Labarin kuwa ga shi. Wata bazara ya yi nisa cikin daji shi da karensa Duna, rana ta take tsaka, ya ga wata tsamiya a bakin busasshen rafi, gajiya ta sa ya zauna a gindinta bai yi sallama ba. Kowane ɗan ƙasar nan ya san ba a yin haka da tsakar rana, domin lokacin ne masu wurin, wato aljanu, ke hutawa. Yana zama sai gyare ya yi shiru, tsuntsaye suka yi shiru. Busasshiyar ciyawa ta fara kwanciya tana tahowa wajensa, alhali babu iska ko ta kaɗa ganye. Duna ya tsaya cak, gashin bayansa ya miƙe. Jaji ya gane laifinsa. Ya ajiye bindiga a ƙasa, ya sunkuyar da kai, ya yi sallama, ya ce a yi masa afuwa, baƙo ne bai kula ba. Ya gutsuri saƙar zumar da ke burgaminsa, jakarsa ta fata, ya ajiye a kan saiwa, ya ɗauki bindigarsa ya ja da baya har ya fita inuwar. Sannan gyare ya ci gaba da kuka. In an tambaye shi kamannin aljanar sai ya ce bai duba ba, mutum ba ya ƙura wa matar mutane ido a cikin gidanta.

Shekara biyu kafin wannan lokaci wani matashin malami ya zo a kan keke yana tattara labaran daji. Ya durƙusa ya gai da Jaji, ya kawo goro, ya yi ladabi iya ladabi. Tsoho ya saki jiki ya ba shi labarin, shi kuwa yana ta rubutawa. Daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Sai ga wasu ƙananan littattafai sun iso ajin manya a cikin kwali. Ba irin na da ba ne masu baƙaƙe zalla. Waɗannan zane ne, an raba kowane shafi gida-gida kamar gurbin dara, magana tana fitowa daga bakin mutum a cikin wani ɗan da'ira. A bangon ɗaya an rubuta Jaji da Aljanar Daji. Furera ta ga sunan ubanta da tawada.

A faɗi gaskiya, shafin farko ya burge ta. Ba ta taɓa sanin ana iya sa mutum ya yi tafiya a kan takarda ba, yana nan a wannan gida, ka matsa ido ya kai gida na gaba. Amma tun a shafi na biyu ta fara tsaki. An sa wa maharbi babbar riga, a cikin daji, wurin da ƙaya ba ta barin ko taguwa. An cika dajin da wasu itatuwa masu faffaɗan ganye waɗanda ba ta taɓa gani ba, babu kaɗanya, babu ɗorawa. An kuma rataya ƙaton farin wata a sama, wai dare ne. A shafi na biyar aljana ta fito da ƙaho da haƙora da farata, tana surutu cike da da'ira, tana cewa za ta cinye shi ɗanye. Jajin littafi ya ɗirka mata harbi, ya zubar da hula ya ranta a na kare. Da gari ya waye aka je aka tarar kututture ne ya harba, inuwarsa ce a farin wata ta ruɗe shi. A gida na ƙarshe mutanen gari suna riƙe da ciki suna dariya, an rubuta a ƙasa cewa jahilci shi ke haifar da tsoro.

Furera ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta naɗe littafin ta tura a haɓar zanenta.

Labari ya riga ta isa gida. Ta tarar da tsoho a zaure ya gyara zama.

"An ce labarina ya zo a takarda," in ji shi. "Karanta mini, uwata."

Ta zauna ta buɗe. Ta dubi babbar rigar nan da watan nan, ta dubi fuskar ubanta. Sai ta fara juya shafi tana ba shi nasa labarin, tsakar rana da tsamiya, gyare da ciyawa, Duna da saƙar zuma. Yana ji yana gyaɗa kai. Da ta gama ya ce, "Madalla." Kashegari ma haka, jibi ma haka. Kullum in ta rufe littafin sai ta ji haushin kanta, amma ba ta ga wata hanya ba.

A kasuwa kuwa abin ya zama abin wasa. Dabo mahauci, wanda yake cikin ajin, kuma karatu bai taɓa shiga kansa ba sai a kan wannan littafi, shi ya fara. In ta wuce sai ya ɗaga murya.

"Furera, a gai da Baba. A ce masa akwai wani kututture a bayan gidana, ya dame mu."

Masu tsire su fashe da dariya. Mutanen da suka sha cin naman da Jaji ya harbo, yau ga su suna tafawa. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne sun san gaskiya, amma tunda an buga da inji sai suka ɗauka injin ya fi su sani.

Ta sami Malam Salmanu yana share allo.

"Malam, littafin nan ƙarya ne."

"Na sani ba daidai yake ba," in ji shi, bai juyo ba. "Amma shi Bature ya zaɓa a yi jarrabawa da shi. Ki karanta abin da ke gabanki. In ya tambaye ki me kika koya, ki faɗi abin da aka rubuta a ƙasan shafin ƙarshe. Shi ke nan, takarda ta zama taki."

"In faɗa da bakina cewa ubana jahili ne?"

"Ba wanda ya ce ki yarda. Faɗa kawai za ki yi."

"Malam, kai ka koya mini baƙi. Ba ka ce mini in na iya sai in ajiye hankalina a gida ba."

Ya juyo ya dube ta. Ba mugun mutum ba ne, yana dai tsoron aikinsa. Ya ce, "Furera, ki tuna matan da ke jiranki."

Ta tuna da su. Ta yi kwanaki tana tunawa. Ana gobe jarrabawa tsoho ya ce shi ma za shi, yana so ya ji an karanta labarinsa a gaban Bature. Ta ce rana za ta yi zafi. Ya ce ya san rana tun ba a haife ta ba. Ta ce ƙafarsa. Ya ce ƙafarsa ce. Da safe ya sa rigarsa ta Juma'a ya miƙo mata bakin sanda.

An kafa teburi a filin da ke gaban rumfar, aka ɗora wa Bature laima. Dogo ne mai jan wuya, yana jin Hausa sosai, irin Hausar da ba ta da gishiri. 'Yan kallo sun kewaye. Furera ta zaunar da ubanta a gefe kan buzu. Aka fara kiran maza ɗaya ɗaya, kowa ya karanta shafi ɗaya ko biyu. Dabo ya yi ta in-ina a kan babbar riga har gumi ya jiƙa shi. Sun yi ta karanta farkon littafin ne, inda ba a kai ga ɓarna ba, amma Furera tana satar kallon tsoho, shi kuwa fuskarsa ba ta nuna komai. Da yake mace ce, sai aka bar ta ƙarshe. Kafin a zo kanta rana ta take tsaka.

"Ke ce 'yar maharbin?" in ji Bature. "To, ke za ki ƙarasa mana. Daga shafi na biyar har ƙarshe."

Ta karɓi littafin. Tana iya yin abin da take yi a gida, amma sai a ce ba ta iya karatu ba, a yi mata dariya, a ci gaba da yi wa ubanta. Sai ta daidaita tsayuwa ta karanta abin da ke rubuce, kalma kalma, da murya mai ƙarfi, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ta karanta ƙaho da farata. Ta karanta harbi da gudu da hular da aka zubar. Ta karanta kututture. Kowace kalma tana fita tana jin ɗacinta, kuma ba ta yarda ta dubi wajen buzun nan ba.

"Da kyau ƙwarai," in ji Bature. Ya jawo takardar shaida, ya cire murfin alƙalami. "Saura tambaya ɗaya. Me kika koya daga wannan labari?"

Malam Salmanu ya yi mata alama da ido.

"Ranka ya daɗe, na koyi cewa wanda ya rubuta shi bai san daji ba."

Bature ya ɗago kai.

"Yi bayani."

"Ya ce da dare ne. Duk wanda ke tsaye a nan ya san ba da dare ake gamuwa da su a gindin tsamiya ba, da tsakar rana ne. Ubana ya gaya masa tsakar rana. Ya mayar da ita dare ne don ya sami inuwar da zai jingina wa laifi." Ta nuna turken da ake ɗaure dokin Bature a tsakiyar fili. "Ga kututture nan, ranka ya daɗe, ga rana a tsaka, kuma bazara ce irin ta ranar. Ina inuwarsa?"

Mutane suka juya. Turken na tsaye a kan ɗan baƙin da bai fi tafin hannu ba. Wasu har da duban ƙafafunsu.

"Littafi ne na koyarwa," in ji Bature. "Ana canja abu kaɗan don darasi ya fito."

"To da sun canja sunan ma. Sun bar sunan mutum, sun cire mutumin. Jaji bai yi harbi ba ran nan. Ajiye bindiga ya yi, ya ba da haƙuri, don shi ne ya shiga wurin mutane ba sallama. In darasi ake nema, ga darasi nan, bai ishe su ba?" Ta buɗe shafi na biyar ta ɗaga. "Sannan dubi wannan. Ƙaho, haƙora, sai ka ce akuyar da ta haukace. Wa zai ji tsoron wannan? Yara ma dariya suke yi. Ga surutu, ta cika gida uku tana faɗin abin da za ta yi. Abin da ke ba da tsoro a daji ba ya magana, ranka ya daɗe. Shiru yake sawa a yi. Da mai zanen ya zana ciyawa tana kwanciya ba iska, ya bar sauran wurin fari, da na kasa barci."

"Wato zanen ma bai yi miki ba." Akwai ɗan murmushi a bakinsa, irin na wanda ake ba nishaɗi.

"Akwai inda ya yi mini. Karen." Ta sa yatsa a kai. "Wanda ya zana karen nan ya san kare. Dubi kunnensa, dubi gashin bayansa, dubi yadda ya danne ƙafar baya. Kuma dubi inda yake kallo. Maharbi na kallon kututturen da aka mayar aljana, bindiga na kallon kututture, amma karen can gefe yake kallo, tsakanin itatuwa biyu inda ba a zana komai ba. A gida huɗu a jere haka yake. An ce wa mai zane ya zana kututture, ya zana, amma hannunsa bai yarda ba. Ni a littafin nan duka, karen kaɗai na yarda da shi."

Mazan aji suka fara buɗe nasu littattafan. Dabo ya kai nasa daf da hanci, ya juya shafi, ya dawo baya.

Bature ma ya duba, ya daɗe yana dubawa fiye da yadda ya yi niyya. Sannan ya rufe, murmushin ya tafi.

"Kin iya karatu, babu shakka. Amma jarrabawa kashi biyu ce, karatu da fahimta. Zan sake tambayarki sau ɗaya. Mene ne darasin da ke ƙarshen littafin?"

"Na karanta shi ɗazu, kowa ya ji. Abin da aka rubuta ke nan. In kuwa abin da na koya ake tambaya, na faɗa."

"Furera," in ji Malam Salmanu a hankali.

"Malam, ka yi haƙuri."

Bature ya mayar da murfin alƙalami. Ya zare takardar daga cikin sauran ya sa a ƙarƙashin hularsa, ya ce ta sake zama baɗi. Aka kira Dabo aka ba shi tasa. Furera ta ji abin har cikin ƙashinta, wata takwas na zaman tabarma da matan da ta yi wa alkawari. Ta so ta yi kuka, ta hana kanta, don ba za ta yi shi a gaban wannan teburi ba. Ta ajiye musu littafinsu, ta je ta kama bakin sandar ubanta.

Taron ya buɗe musu hanya. Da suka zo wucewa, Dabo ya naɗe takardarsa ya tura a aljihu kamar wanda ya sato ta, ya rusuna.

"Barka da rana, Baba Jaji."

"Barka kadai, Dabo," in ji tsoho. "Yaya kututturen bayan gidanka?"

Dabo ya rasa inda zai sa fuskarsa, wannan karon kuma da shi aka yi dariyar.

Suka yi nisa da kasuwa. Ita ta kasa haƙuri.

"Baba, ka ji. Na yi maka ƙarya kwana da kwanaki."

"Tun ranar farko na sani."

Ta tsaya. "Wa ya gaya maka?"

"Ke. Kin ce Duna. Ni kuwa ban taɓa gaya wa yaron nan mai keke sunan karena ba."

"To me ya sa ka ce sai ka zo?"

"Na gaji da jin labarina a ɗaki. Na so in ji abin da ake faɗa a waje, in kuma ji abin da za ki ce." Ya ɗan ja sandar. "Kin yi asarar takardarki."

"Na yi."

"Ta yi miki ciwo."

"Ta yi, Baba. Amma ko gobe aka sake tambayata, amsar ke nan."

Suka ci gaba da tafiya. Ƙasa ta yi zafi har tana ratsa takalmi. Sai da suka kai ƙofar zaure ya sake magana.

"Da gaske karen gefe yake kallo?"

"Gefe, Baba. Hannun hagu, sama kaɗan."

Tsoho ya dafa bango.

"Nan take tsaye," in ji shi. "Ni ban duba ba, shi ya duba."

Ya lalubi buzunsa ya zauna a ƙarƙashin bindigar. Ya ce ta nemo takarda da fensir, ko irin wadda ake ƙunshe sabulu ce. Ta ce ita ba ta iya zane ba. Ya ce ai ta iya ja layi, ta raba gida-gida kamar yadda suka yi, shi zai faɗa ita ta rubuta, duk wanda ya iya zanen kare a garin nan a nemo shi daga baya.

Ta ja layukan a kan cinyarta, sun karkace, ba ta damu ba. Ya faɗi bazara, ta rubuta. Ya faɗi tsamiya da busasshen rafi, ta rubuta. Ya faɗi ciyawa. Suka zo gida na biyar.

"A nan me zan sa, Baba?"

"Kada ki sa komai," in ji Jaji. "Ki bar mata wurinta."